Aibin da Na Ƙara da Hannuna

Ƙarfe biyun dare a Timișoara,
taragon ƙarshe ya haye gadar Bega,
ni da allo muna kallon-kallo.
Ginshiƙi ɗaya ne tsaye a kansa,
ƙarfe fale-fale, kaurin milimita ɗaya da rabi,
an naɗe bakinsa ciki
kamar leɓen wanda ya haɗiye magana.

In na tambaye shi dunƙule, ba zai amsa ba.
Sai na yayyanka shi,
yanki dubu goma sha takwas,
na ƙulla su kamar ragar masunta,
na ce wa kowane yanki:
kai dai san maƙwabcinka,
abin da ya turo maka, miƙa wa na gaba.
Na dafe ƙafarsa, na ɗora masa nauyi a ka,
na bar kwamfuta da ƙidayarta,
shayina ya huce ban sani ba.

Da asuba ta ce: tan tara.
Tan tara kafin ya durƙusa.
Na rubuta, har da ja masa layi.

Ranar Laraba muka kai ɗan'uwansa na gaske ɗakin gwaji.
Tsoho Traian Olaru ya ɗaura shi a injin matsi,
shekara talatin da ɗaya yana karya abin da wasu suka zana.
Biyar, shiru.
Shida, shiru.
Shida da rabi, cikinsa ya fara igiyar ruwa,
nan ya kumbura, can ya lotsa.
Bakwai da ɗoriya sai ƙas!
Ba wata babbar ƙara,
kamar an taka gwangwanin madara.

Ina sauran biyun?

Traian bai ko dubi takardata ba.
Ya jawo wani sabo daga tari,
ya bi gefensa da babban yatsa, ido rufe,
ya ce, Sânziana, kawo hannunki. Nan. Kin ji?
Na ji. Ɗan tudu ne, bai kai ƙwayar gero ba.
Ya ce, igiyar ɗaurin kaya ce ta cije shi a hanyar Arad.
Naki na cikin allo bai taɓa hawa mota ba,
ba wanda ya taɓa yar da shi,
bai kwana a ƙarƙashin 'yan'uwansa ɗari ba.

Ashe ƙaryar ba ta lissafi ba ce.
Ni na ba shi jikin da ba a taɓa ƙerawa ba,
miƙaƙƙe sak, sumul,
shi kuwa ya amsa mini tambayar da na yi.

Na koma da ma'auni a aljihu.
Na kama ragar nan da na sha wuyar daidaitawa,
na karkata ta da gangan,
rabin milimita, daidai inda yatsa ya tsaya.
Hannuna ya so ya ƙi.
Wa ke ɓata abin da ya gyara?

Bakwai da ɗigo biyu.
Ja ya taru a allo
a gurbin da ƙarfen Laraba ya karye.

Ginshiƙi arba'in irinsa za su ɗauki rufi guda,
rumbun ajiyar dankali a bayan gari,
inda ƙanƙarar Fabrairu ke kwana uku ba ta sauka,
mata shida na tsintar ruɓaɓɓu a ƙasa,
ba mai ɗaga kai ta dubi sama.
Saboda su na ƙara tokara a tsakiya,
na matso da ginshiƙan kusa da juna,
mai kwangila ya yi ta ƙorafin kuɗi a waya.

Traian yana da kanta a bayan injinsa,
karyayyun ƙarafa jere, kowanne da kwanan wata da alli.
Jiya na ga nawa a can,
tsakanin na wani farfesa da na wani da ya rasu.
Ya rubuta bakwai.
Taran da na ja wa layi,
ya bar mini ita.